Hawai: Yadda Aka Tura Matasa Marasa Aikin Yi Su Ceto Dazukan Tsibiri

Kamar yadda muka saba, ga rubutun shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba, da kuma masu son karatu a nitse.

Bari in fara da wani abu da ya faru da ni. Muna sakandare aka yi gangamin dashen itatuwa a makarantarmu. Aka raba mana dashe, kowa ya haƙa raminsa, aka ɗauki hoto, aka tafa, manyan baƙi suka shiga mota suka tafi. Ba a yi sati uku ba awakin unguwa suka yi walima. Ko ɗaya bai tsira ba. Wannan abin ne ya faɗo mini a rai da nake karanta tarihin tsibiran Hawai, domin su ma akuya da saniya da tunkiya ne suka kusa cinye musu daji, har da ruwan shansu.

Hawai dai jerin tsibirai ne a tsakiyar tekun Fasifik, manyansu guda takwas, kuma tsakaninsu da gaɓar Kalifoniya kusan kilomita 3,800 ne. Yau jiha ce ta Amurka, tun 1959, amma a da masarauta ce mai cin gashin kanta. To mutumin da ke zaune a tsibiri, ruwan gishiri ya kewaye shi ta ko'ina. Ruwan da zai sha, sai wanda sama ta zubar a kan duwatsunsa. Dajin da ke kan duwatsun nan shi ke tare hazo da ruwan sama, ya riƙe shi, ya riƙa sakinsa a hankali cikin ƙasa da ƙoramu. In dajin ya tafi, ruwa zai sauko da gudu, ya kwashi ƙasa ya zuba a teku, rijiya kuma ta ƙafe.

Mutanen Hawai na asali sun san wannan tun fil azal. A harshensu sunan ruwa wai, arziki kuma waiwai, wato ruwa biyu. Sun raba ƙasarsu yanki-yanki, kowane yanki ya taso daga kan dutse ya gangaro har bakin teku, suna kiransa ahupuaa. A sama daji ne, a tsakiya fadamun gwaza da ake ba ruwa ta magudanai, a ƙasa kuma tafkunan kiwon kifi da aka gina da katangar dutse. Kowa ya san in ya ɓata sama, na ƙasa zai sha wuya.

Sai baƙi suka fara zuwa. A 1778 Kyaftin James Cook na Ingila ya iso, ya bar awaki. A 1793 Kyaftin George Vancouver ya kawo wa Sarki Kamehameha kyautar shanu, ya kuma kawo tumaki. Sarki ya kafa doka kada kowa ya yanka shanun nan, don su hayayyafa. Kafin zuwan mutane, babu wata dabba mai kofato da ta taɓa taka tsibiran. Saboda haka yawancin tsirransu ba su da ƙaya, ba su da ɗaci ko guba da za su kare kansu. Ku kwatanta da ƙayar bagaruwa ko ta aduwa a wajenmu. Dabbobin nan suka bazu cikin daji, ba makiyayi, ba kura, ba zaki. Suna cin ƙananan tsirrai, suna ɓare bawon manya, suna tattake saiwa. Ga kuma cinikin itacen sandal da aka riƙa lodawa zuwa Sin a farkon ƙarni na 19, har ya kusa ƙarewa.

Abin mamaki, waɗanda suka fi ɗaga murya a kan batun ba don ƙaunar daji suka yi ba. Masu manyan gonakin rake ne. Rake kuwa kun san shi da shan ruwa, kuma sun ga ƙoramu suna ja da baya. Su ne masu faɗa a ji, domin da hannun irinsu aka tuɓe Sarauniya Liliuokalani a 1893, Amurka kuma ta haɗe tsibiran a 1898. A 1903 aka kafa dokar keɓe gandun daji, a 1904 aka ɗauko Ralph Hosmer ya zama babban jami'in daji na farko. Aka yi ta shata iyakoki a takarda. Amma takarda ba ta korar akuya. Ana buƙatar hannaye masu yawa, ga kuɗi babu.

Hannayen nan masifa ce ta kawo su. A 1929 tattalin arzikin Amurka ya ruguje. Zuwa 1933, kusan mutum ɗaya cikin kowane huɗu na ma'aikata ba shi da aiki. Franklin Roosevelt ya hau mulki ranar 4 ga Maris na shekarar, kuma kafin watan ya ƙare, ranar 31, ya sa hannu a dokar da ta haifi wata runduna ta farar hula mai aikin kare ƙasa da dazuka, wadda aka fi sani da CCC. Tsarin mai sauƙi ne. A ɗauki samari marasa aure, marasa aiki, a farko 'yan shekara 18 zuwa 25, a kai su sansani, a ba su abinci da tufafi da wurin kwana, a biya su dala 30 a wata. Amma fa dala 25 gida za a aika wa iyaye, saurayi ya riƙe 5. Wato da albashin mutum ɗaya ana ciyar da gida guda. Zuwa watan Yuli an riga an ɗauki fiye da mutum 250,000. Cikin shekara tara, kimanin mutum miliyan 3 suka ratsa ta cikin shirin, suka dasa itatuwa kusan biliyan 3 a faɗin ƙasar.

A Hawai aikin ya kankama a 1934, kuma 'ya'yan tsibiran ne aka ɗauka, da 'yan asali da 'ya'yan leburorin rake da iyayensu suka zo daga Japan da Filifin da Sin da Fotugal. Abin da ya fi burge ni a aikinsu shi ne, ba a kan dashe kaɗai suka tsaya ba. Sun gane abin da mu ba mu gane ba a makarantarmu: sai an yi shinge dashe ke rayuwa.

Ku ɗauki dutsen Mauna Kea, mai tsawon mita 4,207, wanda har ƙanƙara ke sauka a kansa. A tsakiyar shekarun 1930 an ƙiyasta tumakin daji da ke kansa sun kai 40,000. Samarin nan suka kewaye gandun dajin da shingen waya na kimanin kilomita 88, suka gama a 1937. Ku yi tunanin haƙa ramin turke a kan busasshen dutsen aman wuta, cikin sanyi mai ratsa ƙashi, a wurin da numfashi ma sai da ƙyar. Daga nan aka shiga kora da harbin tumaki, har zuwa 1950 saura 'yan ɗaruruwa. A tsibirin Oahu, inda birnin Honolulu yake, sun sare hanyoyin ƙafa a kan tsaunukan Koolau don ma'aikata da maharban aladun daji su iya shiga, kuma wasu hanyoyin har yau ana bin su. A tsibirin Maui sun gina ɗakunan kwana a cikin kwarin dutsen Haleakala a 1937, suna nan har gobe. Sannan suka dasa miliyoyin itatuwa a kan tsaunukan da suka zama ƙwal.

To a nan ne gizo ke saƙa. Wane irin itace suka dasa?

Manyan itatuwan ƙasar su ne ohia da koa. Amma masanan lokacin, irin su Harold Lyon da ke aiki da ƙungiyar masu gonakin rake, suna ganin dajin asali ya riga ya mutu, ba zai farfaɗo ba. Abin da suke so kawai wani abu ya rufe ƙasa da sauri, ruwa ya dawo. Sai aka yi ta shigo da iri daga ƙasashen waje, kamar bishiyar turare daga Ostireliya da dangoginta masu saurin girma. Samarin ba su da laifi, abin da aka miƙa musu suka dasa. Kuma a gaskiya ƙasa ta rufu, zaizayewa ta ragu. Amma garin gyaran gira an taɓa ido. Wasu baƙin itatuwan sun tsallake inda aka sa su, sun danne na gida, tsuntsayen ƙasar kuma ba su samun abinci a jikinsu. Akwai wata mai suna albiziya da aka shigo da ita a 1917, jami'an daji suka yi ta yaɗa ta. Tana girma kamar ana hura ta, amma reshenta ba ƙwari. Da guguwar Iselle ta bugi yankin Puna a watan Agustan 2014, ita ce ta yi ta zubewa a kan hanyoyi da wayoyin lantarki, mutane suka daɗe cikin duhu.

Wannan kuskuren ba shi ne na farko ba. A 1883 masu rake sun shigo da tunku don ya cinye musu ɓeraye. Ashe ɓera da dare yake yawo, tunku kuwa da rana. Ba su cika haɗuwa ba, sai tunku ya koma kan ƙwan tsuntsaye.

Ranar 7 ga Disamban 1941 Japan ta kai hari Pearl Harbor, a nan Oahu. Amurka ta shiga yaƙi, samari suka koma soja, a 1942 majalisa ta daina ba CCC kuɗi. Kun san abin da ke faruwa da shinge in babu mai zagaya shi. A Mauna Kea hukuma ta sauya ra'ayi, ta bar tumaki su ƙaru don masu farautar nishaɗi. Tumakin suka koma cin itacen mamane, wanda 'ya'yansa ne abincin wani ɗan tsuntsu mai rawayan kai, palila, da a yau ba a samunsa ko'ina a duniya sai a kan dutsen nan. A 1978 masu kare muhalli suka shigar da ƙara, kuma sunan tsuntsun aka rubuta a matsayin mai ƙara. Eh, tsuntsu ya kai gwamnati kotu! A 1979 ya yi nasara, alƙali ya ce a fitar da tumaki da awakin. Aikin da samari suka kusa gamawa tun shekaru da dama, sai da aka sake shi.

Yanzu mu zo zamaninmu. A 2007 aka kafa wata ƙungiya a Honolulu mai suna Kupu. Kalmar tana nufin tsirowa, kuma tana da alaƙa da sunan wani ɗan tsiro da ke cikin na farkon fitowa bayan dutse ya yi amai ya ƙone komai. Kupu tana ɗaukar matasa, wannan karon maza da mata, tana biyan su alawus, tana tura su aiki da hukumomin daji da ƙungiyoyin unguwa. Da korona ta zo a 2020, yawon buɗe ido ya tsaya cak, rashin aikin yi a Hawai ya haura kashi 20 cikin 100 a watan Afrilu. Sai aka sake ɗauko dabarar 1933: aka yi amfani da kuɗin tallafin annoba aka ɗauki ɗaruruwan mutanen da suka rasa aiki, aka tura su gonaki da dazuka da bakin teku.

Bambancin shi ne, yawancin aikin yau cirewa ne da mayar da na gida. Ana tumɓuke baƙin tsirrai, ana renon koa da ohia da mamane, ana gyara fadamun gwaza. A Heeia da ke Oahu akwai tsohon tafkin kifi mai shekaru ɗaruruwa, da katangar dutse ta kusan kilomita 2. Itacen mangurof, irin wanda ya cika Neja Delta, shi ma baƙo ne a Hawai, kamfanin sukari ne ya shigo da shi a 1902, ya kuma shaƙe tafkin. Tun 2001 wata ƙungiyar 'yan ƙasa, Paepae o Heeia, take sare shi da hannu tana sake jera duwatsun. Wannan ba wasa ba ne ga tsibiran da ake ƙiyasin kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na abincinsu a jirgi yake zuwa.

In kuna tambayar me zai faru in an bar ƙasa ba mai kula, Lahaina ta ba da amsa. Kamfanin sukarin garin ya rufe a 1999, gonakin suka zama saura. Ciyayin da aka shigo da su don kiwon shanu, da yawansu daga nan Afirka, har da wata 'yar uwar ƙarangiya, suka mamaye filayen suka bushe. Ranar 8 ga Agustan 2023 wuta ta tashi, iska mai ƙarfi ta kora ta cikin gari, kimanin mutum 100 suka rasu. Ciyawar da take abincin dabba a wajenmu, a can ta zama makamashi.

Ni abin da na ɗauka a tarihin nan shi ne, haɗa matashi marar aiki da ƙasa mai neman gyara dabara ce da ta yi aiki, an gwada an gani, har sau biyu a wuri ɗaya. Saurayi ya samu na kai wa gida, ya koyi sana'a, tsibiri ya samu ruwa. Amma shirin CCC shekara tara kawai ya yi, itatuwan da aka dasa kuwa sun kai shekara 90 suna nan, masu amfani da masu cutarwa. Shi ya sa duk wanda zai raba wa matasa dashe, ya kamata ya fara amsa tambaya uku: wane iri ne, wa zai kare shi daga dabba, kuma wa zai duba shi bayan an daina biyan alawus?

Ku ma ku ba ni labari. In an taɓa yin gangamin dashe a unguwarku ko makarantarku, guda nawa suka rayu, kuma wa ya kula da su? Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu.