Dajin W: Me Baƙi Ke Zuwa Nema a Cikinsa?



Ku duba harafin W a kan allo. Ya sauka, ya hau, ya sake sauka, ya sake hawa. To, a kudu da Yamai akwai wani wuri inda kogin Isa, wato Kwara, ya yi lanƙwasa irin wannan. Saboda haka aka sa wa dajin da ke wurin suna W. Yau labarinsa za mu ba ku.

Daga Yamai zuwa ƙofar dajin tafiyar kilomita 150 ce, ko kusa da haka. Ana bi ta Sayi, a wuce Tamu, a isa Tapowa. Rabon Nijar a cikin dajin eka 220.000 ne, irin babbar eka da ake kira ektar. Sauran yana cikin Benin da Burkina Faso. Giwa ba ta san iyaka ba. Takan kwana a wannan ƙasa, ta sha ruwa a waccan.

A zamanin da, mutane kaɗan ne a wurin. Akwai ƙudan tsando mai kashe shanu. Akwai kuma wani ƙaramin ƙuda na bakin rafi mai kawo makanta. Duk da haka ba kangon daji ba ne. Gurmawa sun yi farauta a ciki, Fulani sun yi kiwo, masunta sun kama kifi. Inda kuka ga kukoki sun taru wuri ɗaya, sau da yawa kufai ne, an taɓa yin gari a nan.

Dabarar keɓe daji don a zo kallo daga waje ta fito. Amurka ce ta fara, a 1872, da wani daji mai suna Yaloston. A 1933 ƙasashen Turai masu mulkin Afirka suka yi taro a Landan. Sun ga bindiga tana ƙare namun daji, har da bindigarsu. Suka yarda kowa ya keɓe wurare a ƙasashen da yake riƙe. Faransawa suka keɓe W a 1937. A 1954 suka mai da shi cikakken gandun daji na ƙasa. Aka hana farauta, aka hana kiwo, aka hana saran itace. Ƙauyukan da ke ciki aka tashe su.

Wannan magana kada mu ɓoye ta. Ba a nemi shawarar talaka ba. Mutumin da kakansa ya ɗebi zuma a wurin ya wayi gari an ce shi ɓarawo ne. Shi ya sa tsofaffi da yawa suka riƙa cewa dajin Nasara ne. Da Nijar ta sami mulkin kai a 1960, dajin ya koma hannun gwamnatinmu. Ma'aikatan ruwa da daji suka ci gaba da tsaronsa.

To, me ke kawo baƙo daga nesa?

Ku tuna, a dajin Faransa babu giwa, babu zaki, babu dorina. Yaro yana ganinsu a littafi ko cikin keji. Idan ya girma ya sami kuɗi, sai ya so ganinsu a gidansu. Watan Disamba kuwa sanyi ya matsa a can, rana ba ta daɗewa ta faɗi. A da, a daidai lokacin ne akan buɗe W, har zuwa wajen Mayu. Ciyawa ta bushe, ido yana gani nesa. Ƙananan tafkuna sun ƙafe, dabbobi duka sai sun zo rafin Tapowa ko na Mekuru. Baƙo ya hau rumfar kallo da asuba, ya yi shiru. Ga ɓauna, ga gwanki, ga kanki, ga mugun dawa da ƴaƴansa, ga garken giwaye. Ya ɗauki hoto ya koma gida, ya nuna wa dangi.

Wasu ba kallo kaɗai ke kawo su ba. Masana ne. An ƙirga tsuntsaye iri fiye da 350 a cikin W. A 2014 masu bincike suka ce zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma duka wajen 400 ne. Mafi yawansu suna W da dazuzzuka biyu da ke manne da shi, Arli da Panjari. Abu idan ya yi ƙaranci, sai a yi masa tattaki. A 1996 hukumar UNESCO ta sa W na Nijar cikin kayan gadon duniya.

Ɗan ƙasa fa? Shi dalilinsa dabam ne. Baƙo yana zuwa ganin abin da ƙasarsa ba ta da shi. Mu kuwa muna zuwa ganin abin da muka taɓa samu a bayan gari. Ku tambayi tsohon da ke kusa da ku, a Maraɗi ko Tawa ko Damagaram. Zai gaya muku inda ake jin kukan kura da dare, da inda barewa ke kiwo. Yau gonaki ne. Jama'a ta ƙaru, ga farin 1973, ga na 1984. Muna ba yara tatsuniyar Gizo da zaki da giwa, alhali ba su taɓa ganin sawun ko ɗaya ba. Ɗan lakwal da mushensa ya kai shi Tapowa, ya tsaya gaban giwa, ba zai manta ba har tsufansa.

Gaskiya dai, ƴan ƙasa ba su kai baƙi yawa ba. Sai da mota, sai da kuɗin shiga, sai da na ɗan jagora. Manomi ina zai samu? Yawancinmu a gidan mize na Yamai muka fara ganin zaki, yana kwance bayan ƙarfe.

Kuɗin baƙo kuwa yana da amfani. Ɗan jagora ya samu, direba ya samu, mai kwalekwale ya samu. Misali ga raƙuman dawa na Kure, kilomita 60 daga Yamai. Wurin ba gandu ba ne, a cikin gonakin mutane suke yawo. A 1996 saura 49 kawai. Da aka tsare su, ƙauyuka suka fara cin moriyar masu zuwa kallo, sai suka haura 600 cikin shekara ashirin da ƴan kai.

Amma baƙo ba ya zuwa inda babu kwanciyar hankali. Ranar 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga suka kashe mutum takwas a Kure, Faransawa shida da ƴan Nijar biyu, direba da ɗan jagora. A cikin shekarun nan kuma ƴan bindiga sun shiga W suna ɓuya. Masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa. Ƴan jagora suka rasa abin yi, aikin masu tsaron daji ya zama na sai da rai.

Ku mutanen Maraɗi, ga wani labari naku. A 2018 an ɗauko raƙuman dawa takwas daga Kure a cikin kamiyo. An kai su dajin Gadabeji, arewa da Dakwaro, wanda aka keɓe tun 1955. Shekaru da yawa ke nan rabon wurin da su.

Idan kun taru a ajin karatu, kowa ya rubuta sunan dabba ɗaya da kakansa ya gani a ƙauyenku, shi bai gani ba. Ku ba malami ya karanta wa jama'a. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.