Tarihin kuɗin waya: abin da 2003 ta koya mana

Tunda hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, kowa sai kuka yake. Ni kuma sai abin ya tuna min da inda muka faro.

Yaran yanzu ba za su yarda ba, amma kafin 2001 layukan waya a duk faɗin Najeriya ba su wuce rabin miliyan ba, kusan duka a hannun NITEL. Waya ta manya ce. In za ka kira ɗan'uwanka da ke Legas, sai ka je gidan wani mai hali ka yi zaman jira.

A Janairun 2001, zamanin Obasanjo, NCC ƙarƙashin Ernest Ndukwe ta yi gwanjon lasisin GSM a bainar jama'a, kowane lasisi dala miliyan 285. MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta. An yi murna, amma fa an sha tsada. Layi kaɗai ya haura naira 10,000, kira kuma naira 50 a minti. Ko sallama ka yi ka kashe, minti guda za a cire maka. Na tuna yadda muke layi a gindin lema wajen masu buga waya, ido na kan agogo.

Da aka nemi a riƙa caji da sakan, kamfanonin suka ce ba zai yiwu ba tukuna. Sai gwamnati ta ba Globacom lasisi, ya shigo a Agustan 2003 da cajin sakan tun ranar farko. Kafin ka ce kwabo sauran sun bi sahu, kuɗin layi ya yi ta faɗuwa har ya zama kusan kyauta.

To jama'a, tausayin kamfani bai taɓa sauke farashi ba. Gogayya ce ta sauke shi, kuma manufar gwamnati ce ta buɗe ƙofar gogayyar. Yau da kasuwar ta koma hannun 'yan tsiraru, ya kamata mu tambayi wakilanmu: wane shiri ake yi don sabbin kamfanoni su shigo, intanet ta isa ƙauyukanmu? Mai POS, ɗalibi da mai sayar da atamfa ta WhatsApp, duk abincinsu na rataye a kan amsar nan.

Allah Ya sa mu dace.