Daga Cukwin Azbin Zuwa Cukwin Leda: Da Me Ake Cin Su?

Makalarmu ta wannan mako a kan cukwi take, namu na gado da kuma na Amurka, wanda yanzu ake gani a manyan kantunan Kano, rawaya, falle-falle, kowane falle cikin ledarsa. Masu sayensa kan tambaya: da me ake cinsa? Amsar tana cikin tarihinsa.

Duk inda ake kiwo, matsala ɗaya ce: madara ba ta kwana. A rugagen Gaya da Ajingi, maganin da iyayenmu mata Fulani suka samo shi ne su bari ta yi tsami ta zama kindirmo, su kaɗa su fitar da man shanu, nonon kuma a dama fura da shi. Wannan dabara ta ishe mu, domin tsakanin ruga da kasuwa tafiyar hantsi ce.

Buzayen Azbin kuwa tafiyar watanni ke gabansu, don haka sai suka daskarar da madarar, suka baje ta a kan tabarma ta bushe ƙarau. Shi ne cukwi, ko cuku a bakin mutanen Nijar. Ayarin raƙuman da ke kawo gishirin Bilma ƙasar Hausa, irin wanda Bature Heinrich Barth ya biyo kafin ya shigo Kano a 1851, da irin wannan guzuri yake ratsa hamada. Tunda busasshe ne mai tauri, abokan cinsa su ne dabino da shayi, ko a daka shi da gero a dama a sha. Har yau haka ake cinsa a Agadas da Tawa.

A Kudu, wajajen Kwara da Oyo da Jamhuriyar Benin, Fulani kan tafasa madara da tumfafiya ta dunƙule ta zama wara. Ita ba ta narkewa a wuta, shi ya sa ake soya ta ko a jefa ta a miya. Awarar waken suya da ake soyawa a kowace ƙofar makaranta a Gaya daga gare ta ta ari suna, kuma yaji da albasa da kabeji ne abokan tafiyarta.

To, sai na Amurka. A 1911 wasu mutum biyu a ƙasar Suwizalan, Walter Gerber da Fritz Stettler, suka gano cewa idan aka narka cukwi da wani irin gishiri, ba ya rabuwa mai daban ruwa daban, kuma yana daɗewa. A Amurka kuma James L. Kraft, wanda ya fara tallan cukwi a keken doki a Chicago a 1903, ya yi wa tasa hanyar dafa shi rajista a 1916. Rundunar sojan Amurka ta saye shi da yawa cikin gwangwani lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1950 kamfanin Kraft ya fara sayar da shi a yayyanke. Faransawa su ma sun yi nasu a 1921, wato La Vache qui rit, mai hoton saniya tana dariya, wanda mutanen Maraɗi ke shafawa a burodi.

Bambancin a nan yake: namu an yi shi don ya bushe, nasu an yi shi don ya narke. Shi ya sa Amurkawa ke ɗora shi a kan nama mai zafi cikin burodi, ko su gasa shi tsakanin yanka biyu na burodi, ko su narka shi a taliya. A wajenmu, zai dace da wainar ƙwai da burodin mai shayi, da gurasa mai ɗumi, da tsire ko balangu da zarar an sauke, da dankalin Turawa, da dafaffiyar taliya. Sai dai a rage gishiri da magi, domin yana da nasa. Da fura ko dabino kuwa, a bar wa cukwin Azbin, kowane allazi da nasa amanu.

Abin dubawa shi ne wannan. Duk Juma'a kasuwar Wudil cike take da shanu, da damina kuma nono kan yi yawa har a sayar da shi a arha ko ya lalace. Amma madarar shayinmu ta gwangwani ce ko ta gari, kuma Peak tun 1954 take kasuwannin Najeriya. Kraft bai fi Bafulatanar Ajingi sanin madara ba, hanyar adana ta da kai ta nesa kawai ya samu. Ranar da matasanmu suka koyi yin cukwi da wara da nonon damina, kuɗin da ke zubewa a ƙasa zai koma hannun masu tatsa.

Wanda ya taɓa cin cukwi da dabino a gidan kakanni, ya ba mu labari. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.