Kafanchan: Wuraren Da Baƙi Ke Zuwa Gani, Mu Muna Zaune



Wata kunya da na sha a Babbar Sallar da ta wuce ita ta sa ni wannan rubutu. Ɗan ƙanin mahaifina ya zo mana daga Kano, da aka gama rabon nama sai ya ce in kai shi ya ga ruwan Matsirga, wai ya taɓa ganin hotonsa a kalanda. Wallahi sai na yi tsuru-tsuru. A garin nan aka binne cibiyata, a nan na gama sakandare, amma ban taɓa taka wurin ba, alhali tafiyar 'yan mintoci ce a babur. Da dare na gaya wa Baba, sai ya ajiye carbinsa ya ce, "Zauna, ai ba laifinka ba ne kai kaɗai." Abin da ya faɗa mini da wanda na bincika daga baya su ne zan kawo muku.

Mu fara da tashar jirgi, domin ita ce uwar garin. Turawa sun shimfiɗo layin dogo daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi har ya haɗu da na Kaduna, a 1927 kuma aka buɗe reshen da ya tashi daga Kafanchan zuwa Jos, don a kai gawayin Inugu wurin masu haƙar kuza, a kuma sauko da kuzar zuwa bakin teku. Nan take ƙasar Fantswam, waɗanda su ne asalin mazauna wurin, ta zama mahaɗa. Inyamurai da Yarbawa suka zo aikin reluwe, Hausawa suka zo da goro da gishiri da tufa. Kakana a wannan jirgi ya sauka da ƙunshin hajarsa. Masarautar Jama'a kuwa ta girmi jirgin nesa ba kusa ba, don tun wajen 1810 Malam Usman ya kafa ta a Jama'ar Daroro ƙarƙashin Zazzau, sai a 1933 aka dawo da fadar Kafanchan. Yau tashar ta yi tsit, ciyawa ta rufe wasu layukan, amma duk wanda ke son ya san yadda aka yi muka zo nan, to can zai fara zuwa.

Na biyu shi ne Nok, wani ƙauye kusa da Kwoi a ƙasar Jaba. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu a wurin, ba a ɗauke shi a bakin komai ba. Wajen 1943 aka sake samun wani kan a kusa da tsohuwar Jama'a, wani akawun ma'adanar ya kai gonarsa ta doya ya kafa shi mutum-mutumi. Daga baya kan ya isa hannun wani Bature mai suna Bernard Fagg a Jos, shi ya lura cewa aikin hannun al'umma ɗaya ne da na farkon, ya sa musu sunan Nok. Shi ne kuma ya kafa gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952. Masu bincike na jami'ar Frankfurt ta Jamus, waɗanda suka fara aiki a yankin a 2005, sun nuna cewa wannan al'umma ta faro tun kimanin shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma daga baya sun iya narka ƙarfe. Abin takaici, ɓarayin kayan tarihi sun kwashe da yawa zuwa Turai. Mu da ke bin hanyar Kwoi sayen citta, mutum nawa a cikinmu ya taɓa ratsewa ya ga ƙauyen?

Na uku dutsen Kagoro, wanda kullum muke hangowa daga gari. Kowace ranar 1 ga Janairu mutanen Kagoro na yin bikin Afan, inda maharba da masu kiɗa da rawa ke fitowa. Sarkinsu marigayi Gwamna Awan ya yi mulki daga 1945 zuwa 2008, shekara 63 ke nan. Baba ya ce yana saurayi sukan rufe shago ranar su tafi, wasu kallo, wasu da tiren rake da tsire, babu mai tambayar wani sunansa. Daga wannan dutse ne ruwan Matsirga ke samo asali, ya zo ya zubo daga tsayin kusan mita 30.

To me ya raba mu da waɗannan wurare? Kowa ya sani. Rikicin da ya tashi daga Kwalejin Ilimi a Maris 1987, na Zangon Kataf a 1992, da na bayan zaɓe a Afrilun 2011 da aka ƙona babbar kasuwa, aka yi asarar rayuka a Kafanchan da Zonkwa da ita kanta Matsirga. Ina firamare lokacin, amma ban manta hayaƙin ba. Tun daga nan iyaye suka shata wa 'ya'yansu iyaka, mu da su duka, kuma ban ga laifin wanda ya binne ɗan uwansa ba idan ya ji tsoro. Sai dai mun tashi mun san hanyar Kano da Zariya fiye da bayan gidanmu.

Kwana biyu bayan Sallah Baba ya kira wani tsohon abokin cinikinsa, Kirista ɗan Bajju da suka shekara ashirin suna harkar citta, ya ce, "Ga 'ya'yanka nan za su zo ganin ruwa." Dattijon ya haɗa mu da ɗansa, muka hau babur biyu. Tun daga nesa muke jin rugugin, da muka gangara kuwa feshin ya jiƙa mu sharkaf. Ɗan uwana ya yi ta ɗaukar hoto, ni kuwa na rasa abin faɗa. Gani ya kori ji. Da za mu dawo ɗan dattijon ya ce shi ma bai taɓa kallon hawan Sallah a fadar Sarkin Jama'a ba, na ce masa in Allah ya kai mu Ƙaramar Salla ni zan zo in ɗauke shi.

Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Kakanninmu sun kusa shekara ɗari a garin nan, wasu ma sun fi, kuma muna jin zafi idan aka kira mu baƙi. Amma wanda ba zai iya kai baƙonsa Matsirga ko Kagoro ko Nok ya ba shi labarinsu ba, ya rage wa kansa hujja. Shawarata ga samari 'yan uwana, a nemi izinin iyaye, a tambayi halin da hanya ke ciki, a tafi da rana tare da ɗan wurin, a gaida dattawansu kafin a wuce. Makarantun Islamiyya da na boko ma za su iya shirya wa ɗalibai irin wannan ziyara.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya zaunar da garinmu lafiya. Amin.