Lanƙwasar Ƙarfe da Faɗuwar Gadar Kwibek

Tun shekarar 1744 Leonhard Euler, shehin malamin hisabi ɗan ƙasar Suwizalan, ya kafa hujja a kan wani al'amari da magina ke gani da ido ba su san dalilinsa ba, wato cewa dogon ginshiƙi siriri, idan aka yi ta aza masa nauyi daga bisa, ba ya jira sai jikinsa ya murƙushe, sai dai ya tsaya cak har zuwa wani haddi, sa'an nan ya karkace gefe farat ɗaya, kamar karan dawa da aka danna daga kai. Ya kuma nuna cewa in aka ninka tsawon ginshiƙin, abin da zai iya ɗauka sai ya koma rubu'i. Amma wannan ƙa'ida ta ginshiƙi ɗaya ce tilo. Waɗanda aka harhaɗa da faifan ƙarfe da ƙusoshi kuwa, iliminsu bai nuna ba ko a farkon ƙarni na ashirin, kuma a kansu ne musiba ta auku a Kanada.

An ƙudurta ɗora gada a kan kogin Sent Lorens kusa da birnin Kwibek, aka ba kamfanin Phoenix aikin, aka naɗa Theodore Cooper, dattijon injiniya mai suna a Amurka, ya zama mai duba tsarin. Shi ne ya ƙara tazarar tsakiya daga ƙafa 1,600 zuwa ƙafa 1,800, alhali ba a sake lissafin nauyin ƙarfen yadda ya kamata ba, kuma saboda tsufa da rashin lafiya yana zaune ne a Niyok, yana yanke hukunci ta wasiƙa.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan labari shi ne cewa ƙarfen bai ɓoye cutarsa ba. Manyan ƙarafan ƙasa, waɗanda nauyin gadar ke matsawa, kowanne haƙarƙari huɗu ne da aka ɗaure da siraran sanduna a gicciye, kuma a watan Agusta na 1907 ma'aikata suka lura wasunsu sun fara tanƙwarewa, ramukan ƙusa ba sa haɗuwa da juna. Ran 27 ga wata aka auna ɗaya daga cikinsu, aka tarar lanƙwasar da a da ba ta kai inci ɗaya ba ta haura inci biyu. Aka yi ta muhawara, wasu na cewa ai haka ƙarfen ya zo daga masana'anta, har Norman McLure, saurayin injiniya da ke wurin, ya hau jirgin ƙasa ya tafi ya shaida wa Cooper baki da baki. Cooper ya buga waya kada a ƙara wa gadar kaya, amma umurnin bai isa bakin kogi ba kafin la'asar sakaliya ta ranar 29 ga Agusta, lokacin da ɓangaren kudu ya ruguje cikin daƙiƙa kamar 15, mutum 75 suka rasu, 33 daga cikinsu 'yan ƙabilar Mohawk ne na garin Kahnawake.

Kwamitin binciken da gwamnati ta naɗa ya ɗora alhakin kuskuren tsarin a kan Cooper da Peter Szlapka, mai zanen kamfanin, ya kuma tabbatar cewa sandunan nan na gicciye sun yi ƙanƙanta ƙwarai, har haƙarƙarin huɗu suka kasa aiki a matsayin jiki guda, kowanne ya lanƙwashe shi kaɗai. Da aka sake gini sai aka yi ƙarafan matsi masu kauri fiye da na da nesa ba kusa ba, duk da haka a 1916 tsakiyar gadar ta suɓuce ana cikin ɗaga ta, ta halaka mutum 13, sai a 1917 aka kammala ta.