Daga Yamai zuwa Jidda: nisan hanya da awowin tafiya a jirgin sama

Tsakanin filin jirgin sama na Diori Hamani da ke Yamai da filin Sarki Abdul'aziz na Jidda akwai kimanin kilomita 4,000 idan aka miƙe sak. Hanyar tana ratsa gabashin Nijar, arewacin Cadi da arewacin Sudan, sannan ta tsallake Bahar Maliya. Babban jirgin fasinja yana cin kimanin kilomita 850 a awa guda. Idan aka haɗa da lokacin tashi da sauka, tafiyar da babu zango tana ɗaukar awa biyar da rabi ko kusa da haka. Ga mai tashi daga Njamena kuwa, nisan bai wuce kimanin kilomita 2,800 ba, wato kusan awa huɗu.

Sai dai jirgi ba kullum yake samun miƙaƙƙiyar hanya ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, an rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jiragen alhazan Afirka ta Yamma suka riƙa kewayawa. Kewayen ya ƙara awowi, ya ƙara shan mai, ya kuma taɓa kuɗin kujera.

Masu umra da 'yan kasuwa galibi suna bin jiragen da ke yada zango a Addis Ababa ko Istanbul. Ta Istanbul, nisan yana kaiwa kimanin kilomita 6,400, kuma jiran jirgi na biyu kan sa tafiyar ta cinye yini guda.

Agogon Saudiyya yana gaba da na Nijar, Cadi da Kamaru da awa biyu. Jirgin da ya bar Yamai da ƙarfe 10 na dare, bayan awa biyar da rabi zai sauka Jidda da ƙarfe 5 da rabi na asuba agogon can, alhali a gida ƙarfe 3 da rabi ne. Lokutan da ke jikin tikiti na garin tashi ne da garin sauka, kowane da agogonsa.

Maniyyaci ya tabbatar inda jirginsa zai sauka tun kafin ya bar gida. Wanda zai sauka Jidda ya wuce Makka kai tsaye, malamai da yawa suna cewa ya ɗaura harami tun a jirgi, lokacin da aka zo daidai da miƙati, don haka kada ya sa haraminsa cikin babbar jaka. Wanda zai fara sauka Madina, mai nisan kimanin kilomita 4,100 daga Yamai, zai ɗaura nasa a Zul Hulaifa ranar da zai tafi Makka.

Kafin zuwan jirgin sama, wannan hanya a ƙafa ake bin ta, ta Cadi da Sudan har Sawakin, ana shafe watanni ko shekaru. Da yawa daga cikin Hausawan Sudan jikokin waɗancan matafiya ne.