Cefanen Mai Cin Ɗanyen Abinci: Nazari Kan Aikin da Wuta Ta Bar wa Mai Saye

Tsarin cin ɗanyen abinci zalla ya taso ne a Turai. A farkon ƙarni na 20 wani likita ɗan ƙasar Suwizalan, Maximilian Bircher-Benner, ya riƙa ciyar da majinyatansa a birnin Zurik da ɗanyun 'ya'yan itace da ganyaye, bisa imanin cewa tsiro yana taskance ƙarfin hasken rana, wuta kuwa tana lalata shi. Daga baya Ann Wigmore ta yaɗa irin wannan ra'ayi a Boston ta Amurka. Edward Howell kuma ya yi masa rigar kimiyya a littafinsa na 1985, inda ya ce ɗanyen abinci yana zuwa da sinadaran da ke narkar da shi a ciki, zafi ne ke kashe su. Ƙa'idar mabiya tsarin a yau ita ce kada zafin da ya taɓa abinci ya haura digiri 48 a ma'aunin salshiyos, wasu ma sukan tsaya ƙasa da haka. Galibinsu ba sa cin nama, ba ƙwai, ba madara. Intanet ta kawo ra'ayin har cikin wayoyin mutanenmu, kuma waɗanda ya fi jan hankalinsu su ne masu neman rage ƙiba da masu fama da hawan jini ko ciwon suga.

Hujjar Howell ba ta tsayu ba, domin waɗannan sinadarai da yake magana a kansu ruwan ciki yana wargaza su kamar kowane furotin, jiki kuma yana ƙera nasa. Duk da haka tsarin yana da amfanin da ba a musunsa. Bitamin C yana raguwa a tukunya, a ɗanye kuwa yana nan. Wanda ya koma ɗanye ya rabu da soye-soye da lemon kwalba da yawan gishiri a rana ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na 'ya'yan itace da kayan lambu kullum, abin da gidaje da yawa ba sa kaiwa. Sai dai akwai abin da masu tallar tsarin ba su cika faɗa ba. Wuta tana yi wa abinci ayyuka uku: tana buɗe ƙarfin da ke ɗaure a cikin sitaci da furotin, tana karya gubar da ke cikin wasu tsirrai, tana kuma kashe ƙwayoyin cuta. Idan aka kashe murhu, waɗannan ayyuka ba su tafi ko'ina ba. Sun koma wuyan mai cefane, kuma a kasuwa zai yi su ko ya kasa.

Batun ƙarfi ne ya fi kayar da sabon shiga, don haka a kansa ya kamata a daɗe. Babban mutum yana buƙatar kalori wajen 2,000 zuwa 2,500 a yini. Giram 100 na kokwamba ko latas bai wuce kalori 15 ba. Wanda zai nemi kalori 2,000 daga kokwamba kaɗai sai ya ci fiye da kilo 13. Ayaba ta fi su nesa ba kusa ba, tana da kusan 90, amma ita ma sai an ci wajen guda ashirin. Ga yadda kuskuren ke faruwa: mutum ya shiga kasuwa idonsa na kan kore, ya cika leda da latas da kabeji da kokwamba da tumatir, ya dawo gida da kaya niƙi-niƙi yana ganin ya yi cefanen mako. Ciki zai cika, amma kafin la'asar jiki ya fara rawa. Ranar uku ko ta huɗu sai ya koma wa tuwo da shinkafa da haɗamar da ta fi ta da, ya ce tsarin ne bai karɓe shi ba, alhali lissafin ne bai yi ba.

Wannan ba hasashe ba ne. A Jami'ar Giessen ta Jamus an bi diddigin mutum fiye da 500 da suka daɗe a kan ɗanyen abinci, aka wallafa sakamakon a 1999. Maza sun zubar da kusan kilo 10 a matsakaici, mata kilo 12, kuma kusan kashi 30 cikin ɗari na matan da ba su kai shekara 45 ba al'adarsu ta rikice ko ta ɗauke gaba ɗaya. Gwargwadon yawan ɗanyen da mutum ke ci, gwargwadon ramarsa. Waɗannan fa mutane ne masu kuɗin sayen abin da suke so a ƙasar da kantuna ba sa yankewa da kaya. Wani ƙaramin bincike a Jami'ar Washington da ke St. Louis, a 2005, ya sami ƙashin masu cin ɗanyen tsiro zalla bai kai na sauran mutane kauri ba. Irin waɗannan hujjoji ne Richard Wrangham na Jami'ar Harvard ya tattara a littafinsa na 2009, inda ya kafa cewa jikin ɗan Adam, da ƙananan haƙoransa da gajeren hanjinsa, ya ginu ne a kan dafaffen abinci.

Saboda haka jerin cefane ya kamata ya fara daga abin da ke riƙe ciki, ganye ya biyo baya. A nan mai cefane a Kano ko Maraɗi yana da abin da ɗan Zurik zai yi sha'awa. Dabino yana da kalori wajen 280 a giram 100. Riɗi da gyaɗa sun haura 550. Fiya tana da 160, galibinsa mai ne mai kyau. Ga aya, ɗanya da busasshiya, wadda ake nomawa sosai a yankin Maraɗi, ga kwakwa, ga garin 'ya'yan kuka da ke bushewa a cikin ƙoƙonsa ba tare da ya ga wuta ba, mai yawan bitamin C. Ga goruba da magarya da ɗinya da tsamiya. Kunun aya da ake niƙawa da dabino da kwakwa ɗanyen abinci ne cikakke bisa duk ƙa'idojin tsarin, kuma mun san shi tun kafin mu ji sunan Bircher-Benner. Abin baƙin ciki ne mutum ya tsallake waɗannan ya tafi babban kanti yana neman 'ya'yan almon da busassun 'ya'yan itacen ƙetare da ninkin kuɗi, don kawai su ya gani a bidiyo. Ba ma lallai abin da ya saya ya kasance ɗanye ba. Tun 2007 doka ta tilasta a tsabtace almon ɗin Kalifoniya da tururi ko magani kafin a sayar da shi a Amurka, bayan ɓarkewar cutar salmonela, kuma ana ci gaba da rubuta masa “ɗanye” a jikin leda. Ƙwallon kashu ma sai an turara shi kafin a fasa, saboda man da ke ɓawonsa yana ƙona fata.

Akwai abu ɗaya da babu shi a rumfar 'yan gwari ko ta masu hatsi, wato bitamin B12. Tsirrai ba sa samar da shi yadda za a dogara da su. Abin da jiki ke buƙata kaɗan ne ƙwarai, maikurogiram 2.4 a yini, hanta kuma tana ajiye na shekaru, shi ya sa rashinsa ke yin sanɗa. Sai an daɗe sannan a fara jin kasala da dindiris a ƙafa da mantuwa, kuma lahanin da ya yi wa jijiya ba kullum yake warkewa ba. Masu binciken Giessen sun sami ƙarancinsa a fiye da kashi ɗaya cikin uku na mutanen da suka auna. Duk wanda ya bar nama da ƙwai da madara, kantin magani ya zama ɗaya daga cikin wuraren cefanensa.

Aikin wuta na biyu shi ne karya guba. Wasu abinci wuta ce ta mayar da su abinci. Rogo yana ɗauke da sinadarin da ke sakin gubar sayanayid, musamman mai ɗaci, kuma jiƙo da shanya da dahuwa ne ke fitar da ita. Jan wake mai siffar ƙoda, 'yan ƙwayoyi kaɗan ɗanye sun isa su jawo amai da gudawa cikin 'yan sa'o'i. Sauran wake da waken suya ma ba a yi su don ci ɗanye ba, jiƙa su bai wadatar ba. Gwaza yana ƙaiƙayin maƙogwaro. Doya da dankalin Turawa sitacinsu ba ya narkuwa sai da zafi. Waɗannan ko dai a bar su a kasuwa, ko a saye su da niyyar tukunya. Gyaɗa kuma tana son ido: wadda ta yi fumfuna ko ta yamutse ko take ɗaci tana iya ɗaukar gubar afilatokzin mai illa ga hanta, gubar da ko suya ba ta gama kashewa.

Aiki na uku, na ƙwayoyin cuta, shi ya fi nauyi a ƙasarmu. Mai miya yana iya sayen tumatirin da ya fashe, wanda ake karyar da farashinsa da yamma, ya dogara ga tafasa. Mai cin ɗanye ba shi da wannan rangwame, a wurinsa araha ba ta ado. Latas da kabeji da karas suna girma dab da ƙasa, ruwan da aka ba su yana maƙalewa a jikinsu. A Kano sananne ne cewa ana noman rani a gefen kogin Jakara, wanda ke kwashe ƙazamin ruwan birni, ga kuma rafin Getsi da ke zuba masa ruwan masana'antun Bompai. Manoman neman halak ɗinsu suke yi da ruwan da suka samu, ba kuma duk kayan da ke kasuwar 'Yan Kaba ne daga can suke ba, amma mai saye yana da haƙƙin ya tambayi inda kaya suka fito. A nan riƙe mai kayan gwari ɗaya amintacce ya fi yawon neman gyara daga rumfa zuwa rumfa, domin wanda ya san kai abokin cinikinsa ne na kullum zai gaya maka gaskiya. Wankewa da ruwa mai tsabta, ganye-ganye, ana zubar da na waje, tana rage ƙazanta sosai. Gishiri da ruwan khal suna taimakawa, amma babu wanda ke yin aikin tafasa a cikinsu. Shi ya sa sabon shiga zai fi samun kwanciyar hankali da abin da ke da ɓawo: ayaba, lemo, gwanda, kankana, abarba, fiya. Ya saye su cikakku ya yanka da wuƙarsa. Yankakkiyar kankana da ke cikin leda a kan tire tun hantsi, ba a san wuƙar ba, ba a san ruwan ba.

Kada a ɗauka matsalar ta ƙasashe matalauta ce kaɗai. A 2011 wani nau'in ƙwayar E. coli ya kwantar da mutum kusan 4,000, galibi a arewacin Jamus, ya kashe fiye da 50. Da aka bi sawu, sai aka tarar da tsiron hulba ne da ake ci ɗanye, irin kuma daga Masar aka shigo da shi. Ɗumi da laimar da iri ke so don ya tsira, su ne ƙwayar cuta ke so don ta hayayyafa, ga shi kuma tsiron iri yana cikin abin da littattafan ɗanyen abinci suka fi yabawa. Ɗanyar madara ma haka take: tana iya ɗauko tarin fuka na shanu da cutar da makiyaya ke kira bakkale. Ɗanyen ƙwai kuwa asara biyu ne, ga haɗarin salmonela, ga shi jiki ba ya amfana sai da kusan rabin furotin ɗinsa, alhali dafaffe yana ba da kusan kashi 90.

Saura ajiya. Shawarar da ake rubutawa a Turai ta cefanen mako guda ta ginu ne a kan firjin da wutarsa ba ta ɗaukewa. A inda babu wannan, cefane kashi biyu ne. Busassun kaya, wato dabino da aya da riɗi da kuka, a auno su da mudu a kasuwar Dawanau ko kasuwar hatsi mafi kusa, su yi wata. Kayan gwari kuwa na kwana biyu ko uku kawai. Sanin halin 'ya'yan itace yana rage asara: ayaba da mangwaro da gwanda da fiya da tumatir suna ci gaba da nuna bayan an tsinke su, don haka a haɗa nunannu na yau da masu ɗan tauri na jibi. Kankana da abarba da lemo ba sa ƙara zaƙi a gida, yadda aka saye su haka za a sha su. Ayaba ko mangwaron da ya yi rawaya sumul a waje, ciki kuwa da tauri da salam, abin zargi ne, domin hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan masu nunar da kaya da sinadarin kabayid na masu walda. Bin lokaci kuma shi ne rabin sauƙin farashi: karas da latas da kabeji da tumatir a lokacin sanyi, mangwaro da bazara.

Idan aka haɗa waɗannan hujjoji, cin ɗanye zalla na tsawon lokaci ba shi da madogara a kimiyya, kuma bai dace da mai ciki da mai shayarwa da yara da tsofaffi ba. Mai ciwon suga da ke shan magani, da mai ciwon ƙoda wanda yawan ayaba da fiya da dabino ke iya cutarwa, kada su fara sai da sanin likitansu. Ga lafiyayyen da ke son gwadawa, ya fara da karin kumallo da marmarin rana, ya mayar da su ɗanye, ya sa ɗanyen ganyen da aka wanke da kyau a gefen abincin dare. Wake da rogo da zogale da ƙwai da nama da madara kuwa, ya ci gaba da sayensu, ya kuma ci gaba da ɗora su a wuta.